Ranar da Tarin Baffa Ya Tsaya

Ana tsakiyar yankan riɗi Baffa ya faɗi. Da hantsi ne, a gonarsa da ke bayan Gagarawa Tasha, yara suka ga lauje ya suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. A amalanke aka fito da shi bakin titi, daga nan sai Gumel, daga Gumel aka tura mu Kano. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini ce ta toshe. Da likita ya tambayi Inna ko yana shan maganin hawan jini, ta ce yakan sha in kansa ya sara. Likitan ya girgiza kai kawai. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Gana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga cikinsa, aka wallafa a 2018, ya ɗora wa hawan jini alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a ƙasashen biyu.

Kwana 8 muka yi. Mu da kanmu muka matsa a sallame mu, don kuɗi sun ƙare, ga riɗi tsaye a gona yana shirin zubewa. An yi wa Yaya, babban ɗan Baffa, bayanin yadda za a riƙa ciyar da shi, amma Yaya a Kano yake kasuwancinsa, masu jinya kuwa suna Gagarawa. Bayanin bai biyo mu gida ba.

A gida ƙafa ta soma motsi, magana ta soma dawowa a daddafe. Ruwa ne ya gagara. Da ya kai kofi baki sai ƙwarewa, tari har idanu su kaɗa, wani sa'in ruwan ya biyo ta hanci. Kunu mai kauri kuwa yana wucewa lafiya lau. Gwaggo ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Wanzamin gidanmu, dattijon da ya yi wa yawancinmu askin suna, ya leƙa bakin Baffa ya daɗe, sannan ya mayar da kayansa cikin zabira. "Alhaji, belinka lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Wannan ba aikin aska ba ne."

Sai Yaya ya zo da zancen allurar Sinawa. Akufanca, wato tsira siraran allurai a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki, ba baƙon labari ba ce a wannan shiyya. Tun 1963 ƙasar Sin ta fara aika tawagar likitoci Afirka, ta soma da Aljeriya, a 1976 kuma ta fara aikawa Nijar, maƙwabciyarmu ta bayan Maigatari, kuma akan samu masu allura a irin waɗannan tawagogi. A can Sin ɗin, wani likita na birnin Tianjin, Shi Xuemin, ya tsara hanyar yi wa masu shanyewar jiki allura tun 1972, daga baya aka fitar da reshenta na matsalar haɗiya. Yaya ya samo wani mutum a Kano da ya ce ya koyo aikin, ya riƙa ɗauko shi a motarsa Talata da Asabar.

Washegarin zuwansa na biyu Inna ta tare ni a zaure fuska a sake: tun jiya Baffa bai yi tari ba ko sau ɗaya, kuma yana shan ruwa. Aka yi sadakar ƙosai. Yaya ya bugo waya yana cewa, ai na gaya muku. Kwana 4 bayan haka zazzaɓi ya rufe Baffa.

Sauro aka fara tuhuma. Ƙarshen damina ne, kowane gida da mai kwance. Mai kemis ya ba da maganin maleriya na kwana 3, aka shanye, jiki bai sauka ba. Ya ce to taifot ne. Ana cikin haka ƙanwata, wadda ke aikin jinya, ta zo hutun ƙarshen mako. Ta ɗiga jinin yatsarsa a ɗan allon gwaji, layi ɗaya ya fito. Ta ce irin wannan gwaji kan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an sha magani, saboda haka da wuya a ce tun farko maleriya ce. Sai ta cire agogo ta ƙirga numfashinsa: 30 a minti ɗaya, alhali babba mai lafiya da ke hutawa bai cika wuce 20 ba. Ta ce, "Ciwon nan a ƙirji yake."

Gwaggo ta tafa hannu. Ƙirji, ga mutumin da ko tari ba ya yi? To ai allura ce ta huda shi. Nan take gida ya rabu biyu, masu cewa allura ta warkar da tari da masu cewa allura ta kawo zazzaɓi. Allah ya sa wani jikan Baffa ya ɗauki bidiyon zaman biyu a waya. Ni da ƙanwata muka zauna a ƙarƙashin dalbejiya muka bi alluran ɗaya bayan ɗaya.

Duk wanda ya taɓa yanka ragon layya ya san wuya lungu ne mai cunkoso. A gaba akwai maƙogwaro, bututun iska mai guringuntsi. Manne a bayansa hanyar abinci mai laushi. Dama da hagu manyan jijiyoyin jini. Can baya ƙashin wuya da laka a cikinsa. Haka yake a jikin ɗan Adam, duka a cikin abin da tafin hannu biyu za su zagaye. Kaurin allurar akufanca bai kai rabin milimita ba, amma tsawonta na iya kai wa ga kowanne daga cikin waɗannan. A cikin wurare 361 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance matsayinsu a 2008, waɗanda aka fi amfani da su domin haɗiya a wannan lungu suke.

Da zargin Gwaggo muka fara. Huhu ba ya tsayawa a cikin haƙarƙari; kansa yana leƙowa sama da ƙashin da ya tashi daga ƙirji zuwa kafaɗa da kamar santimita 2 zuwa 3. Wurin da Sinawa ke kira Tiantu, wato ɗan ramin nan da ke gindin wuya, yana da bututun iska a bayansa, manyan jijiyoyin da suka taso daga zuciya a ƙasansa, kawunan huhu a gefensa. Haka Jianjing da ke tsakiyar doron kafaɗa, huhu na ƙarƙashinsa. In allura ta huda huhu, iska na tsiyayewa ta taru a ƙirji ta danne shi, sai mutum ya ji suka da ƙarancin numfashi cikin mintoci ko awoyi, ba zazzaɓi ke fara zuwa ba. Muka duba bidiyo sau uku. Babu allura a ramin wuya, babu a kafaɗa.

Sai ƙeya. Nan mun ga allura biyu, a ramukan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai, wurin da ake kira Fengchi. A zurfinsa akwai jijiyar jinin da ke bi ta ƙashin wuya tana shayar da bayan ƙwaƙwalwa, in kuma aka karkata ciki da sama za a doshi mahaɗar ƙwaƙwalwa da laka, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Shi ya sa ake koyar da a fuskantar da allurar wajen ƙarshen hanci, masu bin tsarin Tianjin kuma su fuskantar da ita wajen zakaran wuya. Fengfu da ke tsakiyar ƙeya ya fi shi hatsari. Amma ɓarnar wannan wuri ba ta jiran kwana 4: ciwon kai ne kamar an sara da gatari, da amai, da sanƙarewar wuya, ko suma. Baffa bai yi ko ɗaya ba.

Mun nemi allura a gefen zakaran wuya, inda ake kira Renying, ba mu gani ba, kuma na ga ƙanwata ta yi ajiyar zuciya. Wurin yana kan babbar jijiyar da kake jin bugunta in ka ɗora yatsa. Kusa da nan akwai wani ɗan kumburi a jikin jijiyar da ke auna ƙarfin jini, wanda in aka matsa shi zuciya kan rage gudu har mutum ya sume. Ga shi kuma tsohon da jijiyarsa ta taɓa toshewa ba a rasa daskararren kitse a bangonta.

Saura guda a ƙarƙashin haɓa, wadda ake kira Lianquan, a saman wani ɗan ƙashi mai siffar baka da harshe ke rataye a kansa, an fuskantar da ita wajen tushen harshe. Nan muka sami shaida ta farko. Da muka ɗaga gemun Baffa sai ga tabon taruwar jini kamar faɗin kwabo. Tun daga asibiti yana shan asfirin kullum don kada jini ya sake daskarewa, kuma Inna ta tabbatar mai allura bai taɓa tambayar magungunan da yake sha ba. Wannan laifi ne. Da a ce wafarin yake sha, maganin da ya fi tsinka jini, zubar jini a ƙarƙashin harshe na iya kumbura har ta toshe hanyar iska, balle a ce an tsaga jijiyoyin nan biyu na ƙarƙashin harshe, Jinjin da Yuye, kamar yadda wasu ke yi. Sai dai tabon ba zafi, ba ja, ba ruwa. Ba shi ya kawo zazzaɓi ba.

Na tambaye ta ko allurar haɓar ce ta kashe jijiyar da ke sa tari. Ta ce jijiyar da ke jin abu ya taɓa ƙofar maƙogwaro ta ƙasan wancan ɗan ƙashi take shiga, daga gefe, ita kuwa allura tana samansa a tsakiya. Ba su haɗu ba. Batun ƙazanta ma ya faɗi, don a bidiyo an ga yana yage kowace allura daga ledarta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Najeriya, ƙasar da binciken NAIIS na 2018 ya sami ciwon hanta nau'in B a jinin kusan kashi 8 cikin 100 na manya. Amma ko da ya maimaita allura, wannan ciwo sai ya yi makonni ko watanni kafin ya bayyana.

Lissafin duniya ma haka ya nuna. A Jamus an bi mutum 229,230 da aka yi wa akufanca, aka wallafa sakamakon a 2009: kashi 8.6 cikin 100 sun sami wata matsala, mafi yawa ɗan jini ko tabo, mutum 2 kacal aka huda wa huhu. Sai dai waɗannan likitoci ne suka yi musu, kuma akasarinsu ciwon baya da gwiwa da kai suka kai. A ɗaya ɓangaren, mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara rahotannin da aka buga a Sin, a 2010, ta sami mutum 479 da allura ta cutar, 14 sun mutu, kuma hujin huhu da zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa na cikin waɗanda suka fi yawa. Ɓarnar ba ta da yawa, amma in ta zo, a ƙirji da ƙeya ta fi sauka.

Allura dai ta fita daga zargin zazzaɓi, mu kuwa muka koma inda muka fara. Ranar Litinin muka kai Baffa babban asibitin Gumel. Likita ya saurari bayansa, ya sa aka ɗauki hoton ƙirji. Babu iskar da ta taru, huhu bai motse ba. Amma ga wani farin gajimare a huhun dama, ta wajen baya. Limoniya ce. Likitan ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya juyo wajen Inna.

"Hajiya, wa ke ba shi ruwa?"

"Ni ce, likita."

"Da me? A zaune ko a kwance?"

Inna ta ce tun da ta ga kofi na wahalar da shi ta koma cokali, tana ɗiga masa kaɗan-kaɗan yana rigingine don kada ya gaji. Ya ce tun yaushe? Ta yi shiru tana lissafi, ta ce ranar Asabar ɗin da mai allura ya zo karo na biyu, don ranar ya gaji ƙwarai, ya kasa tashi zaune.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Abu biyu ne suka sauya a rana ɗaya, allura da cokali, mu kuwa allura kaɗai muka gani.

Likita ya zana mana yadda abin yake a bayan takardar magani. Hanyar iska da hanyar abinci ƙofa ɗaya suke shiga, sai a maƙoshi suke rabuwa. Duk haɗiya guda, tsokoki sama da 25 ne ke aiki a jere, a ƙarƙashin umarnin jijiyoyi 5 daga cikin 12 da suka fito daga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Ganɗa mai laushi ta ɗaga ta rufe hanyar hanci, zakaran wuya ya hau sama ya matso gaba, wani ɗan marfi ya kife a kan maƙogwaro, igiyoyin murya su haɗe, numfashi ya tsaya, bakin hanyar abinci ya buɗe, duka cikin kamar daƙiƙa ɗaya. Shanyewar jiki na jinkirta wannan umarni. Ruwa ba ya jira, yana isa kafin a rufe ƙofa; kunu mai kauri yana tafiya a hankali, ƙofa ta rufu kafin ya iso. Amsar abin da ya ɗaure mana kai tun farko ke nan, kuma wanzami ya yi gaskiya.

Tarin da muke ƙi, shi ne maigadin. Ciwon ya dakusar da jin maƙogwaron Baffa, amma bai kashe shi gaba ɗaya ba: kurɓin kofi na da yawan da zai tashe shi, ɗigon cokali kuwa sai ya sulale bai sani ba. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna haka a 2011, cewa da yawa daga masu shaƙar ɗan ruwa ba tare da tari ba sukan yi tari in aka ba su mai yawa. Ruwan cokali na tafiya da yawu da ƙwayoyin cutar baki. Reshen bututun iska na dama ya fi na hagu faɗi da miƙewa, don haka can ya fi zuwa. Mutum yana rigingine kuma, sai ya gangara ta baya, daidai inda gajimaren yake. Likita ya zaunar da Baffa, ya ba shi cokali ɗaya, ya ce ya ce "aaa". Ba tari, amma muryar ta fito a jiƙe kamar mai kurkure baki. Inna ta rufe fuska da mayafi. Likita ya ce, "Hajiya, tausayi ne ya sa ki, kuma ba ke kaɗai ba ce. Kullum muna ganin haka."

Kusan rabin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye na samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Wani nazari da aka buga a 2005 ya nuna hatsarin limoniya na ninkuwa sau 3 a gare su, in kuma abu na shiga hanyar iska ya ninku sama da sau 11. Aka kwantar da Baffa, aka yi masa alluran kashe ƙwayoyin cuta, aka sa masa robar abinci ta hanci, wadda Gwaggo ta yi ta kuka a kanta tana cewa alamar ƙarshe ce. Mako 3 ta yi aka cire. Aka koya wa Inna, ita da kanta wannan karon, ta zaunar da shi tsaf kafin ya ci, ya ɗan sunkuyar da haɓa, ya haɗiye sau biyu kafin a ƙara, ya zauna rabin awa bayan ya gama, a goge masa baki da asuwaki safe da dare. Mai gashin ƙashi ya koya masa motsa harshe da tsokokin wuya. Kafin a gama sussukar gero yana cin tuwo mai laushi da miyar kuka.

Yaya bai haƙura ba. Ya ce ai da allurar aka fara, ita ta share hanya. Abin da aka sani shi ne, mafi yawan masu wannan matsala haɗiyarsu na dawowa da kanta cikin makonnin farko, kaɗan ne ke wuce wata 6 da ita, don haka duk maganin da aka yi a lokacin shi ke kwashe yabo. Ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken magunguna, ta duba batun a 2008 ta sami gwaji ɗaya tak mai mutum 66, ta ce hujja ba ta isa ba. A 2018 ta sake tattara gwaje-gwaje 41 na hanyoyin gyaran haɗiya iri-iri, masu mutum 2,660, ta ga alamar akufanca na rage yawan waɗanda matsalar ke ci gaba da damu, amma ta ce ingancin hujjar bai taka kara ya karya ba, kuma ba a ga hanyoyin sun rage mace-mace ko naƙasa ba. Tun 1998 wani nazari ya lura cewa gwaje-gwajen akufanca da ke fitowa daga Sin kusan duk nasara suke ba da labari, abin da ke sa a karanta su da taka-tsantsan. Mai yiwuwa tana taimakawa a matsayin ƙari. Ba ta maye gurbin gwajin haɗiya, ba ta maye gurbin roba, ba ta maganin limoniya.

Hukuncina a kan mai allurar Baffa shi ne bai huda kowa ba, bai kuma warkar da kowa ba. Laifinsa biyu: bai tambayi magani ba, kuma da aka ce masa tari ya tsaya ya karɓi godiya, bai ce a je a gwada ba. Wanda ya san wuya da gaske ya san shirun maƙogwaro abin tsoro ne.

Ga mai jinya a Gagarawa ko Sule Tankarkar ko Maigatari da aka kawo wa zancen allura, ka fara kai majinyacinka a gwada haɗiyarsa a asibiti. Ka tambayi mai allurar takardarsa, don Hukumar MDCN mai rajistar likitoci ita ke da hurumin rajistar masu akufanca a Najeriya. Ka zube masa duk magungunan da ake sha, ka ga an yage allura a gabanka, ka tambayi sunan kowane wuri da abin da ke ƙarƙashinsa. In ya kasa faɗa, kada ya taɓa ƙeya ko gefen maƙogwaro ko ramin wuya. Kada a ba mai shanyewar jiki ko ɗigon ruwa yana kwance. In kuma tari ya tsaya amma murya ta jiƙe, ko numfashi ya ƙaru, ko zazzaɓi ya taso, a ajiye sadakar ƙosai tukuna, a nemi mota zuwa Gumel.